Furotin Rev na HIV da Kai-Komonsa Tsakanin Cibiyar Sel da Saitofilazim

A shekarar 1986 wasu ƙungiyoyi biyu na masu bincike a Amurka, ɗaya a ɗakin binciken William Haseltine da ke birnin Bostan, ɗayar kuma tare da Flossie Wong-Staal a hukumar binciken cutar daji ta ƙasar, suka ci karo da abu guda ba tare da sun haɗa baki ba. Kowace ƙungiya ta lalata wani ɗan gajeren yanki a cikin kundin gadon HIV, bairas ɗin da ke haddasa cutar ƙanjamau, sannan ta saka gurgun kundin a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji. Abin da ya biyo baya ya ɗaure musu kai. Ƙwayar halittar, wadda za a riƙa kira sel daga nan, ta ci gaba da kwafo RNA, wato saƙon da ake karantawa a ƙera furotin, daga kundin bairas ɗin, amma furotin ɗin da ake gina jikin sabon bairas da su, wato Gag da Env, suka yi ɓatan dabo, don haka sabon bairas bai fito ba. Ƙungiya ta farko ta raɗa wa yankin suna art, ta biyu ta kira shi trs, kowace bisa ga abin da take zaton yana yi, kafin daga bisani a tsaya a kan sunan Rev.

Rev, furotin ɗin da wannan yanki ke samarwa, ɗan ƙarami ne mai amino asid, wato tubalan ginin furotin, guda 116 kacal, kuma aikinsa gaba ɗaya zirga-zirga ce. Yana shiga cibiyar sel, ya ɗauko RNA ɗin bairas, ya fito da shi, ya sauke, ya sake komawa. An shafe shekara goma sha ɗaya, daga 1986 zuwa 1997, kafin a iya faɗin wannan jimla da hujja a hannu, kuma a kan hanyar neman hujjar ne aka gano wata babbar hanyar fitar da kaya daga cibiyar sel wadda ba a san da ita ba, alhali kowane sel mai cibiya na jikinmu yana amfani da ita dare da rana. Dalilin keɓe masa wannan nazari ke nan.

Katangar da ke tsakani

A cikin sel na mutum ko na dabba, DNA, wato kundin gadon sel, yana killace ne a cikin cibiya, wadda masana ke kira nukiliyas, kuma tantani mai ruɓi biyu ne ya kewaye ta. Abin da ya rage na sel ɗin a wajen wannan tantani shi ne saitofilazim, kuma a can ne raibosom suke, wato injinan da ke karanta RNA su harhaɗa furotin. Wannan rabuwa tana nufin cewa kowane RNA da aka kwafo daga DNA ɗin cibiya a ciki ake haihuwarsa amma a waje ake karanta shi, kowane furotin kuma a waje ake haihuwarsa ko da a ciki aikinsa yake. Mahaɗa ɗaya ce tsakanin ɓangarorin biyu, ita ce kafofin da ke jikin tantanin, waɗanda yawansu a cibiya guda ya kai dubbai. Kowace kafa gini ce ta kanta, an yi ta da furotin kusan iri 30, kowane iri da kwafi masu yawa, kuma tsakiyarta ba rami ba ne fayau, cike take da wasu zaruruwan furotin masu laushi da ke sarƙe da juna. Ƙananan abubuwa, waɗanda nauyinsu, a ma'aunin da ake auna furotin da shi, bai wuce kilodalton 40 ko kusa da haka ba, suna iya silalewa ta cikin zaruruwan da kansu. Duk abin da ya fi haka girma sai da ɗan rakiya, wato wani furotin na sel da ya iya mu'amala da zaruruwan, kuma ɗan rakiyar ba ya ɗaukar kowa sai wanda ke ɗauke da alamar da ya sani.

Alamar shiga ita aka fara ganowa, kuma a jikin furotin ɗin wani bairas aka gan ta. A 1984 aka nuna cewa jerin amino asid bakwai a jikin babban furotin ɗin bairas SV40 ya isa ya kai furotin cikin cibiya, kuma idan aka sauya ɗaya daga cikinsu sai furotin ɗin ya maƙale a waje. Alamar fita kuwa, har zuwa farkon shekarun 1990 babu wanda ya taɓa riƙe ta a hannu.

Akwai kuma wata doka da sel ke bi game da RNA. Idan aka kwafo RNA daga DNA, yana fitowa ne da wasu sassa da ba a buƙata, waɗanda ake kira intiron, kuma sai an yanke su an ɗinke ragowar kafin saƙon ya zama abin karantawa. RNA ɗin da ba a gama yanke wa intiron ba, sel yana tsare shi a cibiya har a gama, ko kuma a narkar da shi. Wanda aka gama gyarawa kuwa, shi ake miƙa wa ɗan rakiyar saƙonni, furotin NXF1, ya fitar da shi. Dokar tana da ma'ana, domin da a ce ɗanyen saƙo yana isa ga raibosom, da sel ya cika da gurɓatattun furotin.

A nan ne HIV ya shiga tsaka mai wuya. Bayan ya kafa DNA ɗinsa a cikin na sel, abu ɗaya ake kwafowa daga gare shi, wato dogon RNA mai haruffa kimanin 9,000. Daga wannan dogon zare ne ake yanko saƙonni fiye da iri 40, waɗanda suka kasu gida uku. Akwai gajeru masu haruffa kimanin 2,000 da aka gama yanke wa intiron, su ke ɗauke da saƙon Tat da Rev da Nef. Akwai matsakaita masu haruffa kimanin 4,000 da aka yanke wa wani sashe aka bar wani, su ke ɗauke da saƙon Env da Vif da Vpr da Vpu. Sai cikakken zaren da ba a taɓa ba, wanda daga shi ake karanta Gag da Pol, kuma shi ne kundin gadon da ake cusawa cikin kowane sabon bairas. Gajerun ba su da matsala, sun cika sharaɗin sel, suna fita kamar kowane saƙo. Sauran gida biyun kuwa a idon sel ɗanyen kaya ne da bai kamata ya fita ba, alhali idan ba su fita ba babu sabon bairas. Wannan shi ne ainihin abin da masu binciken 1986 suka gani ba tare da sun san sunansa ba: da babu Rev, dogayen saƙonnin sun tsaya a cibiya, an yanke su ko an narkar da su.

Hannu biyu a jikin furotin ɗaya

A 1989 Michael Malim da Bryan Cullen da abokan aikinsu a Jami'ar Duke suka nuna cewa Rev yana aiki ne ta wani yanki na RNA ɗin bairas da ke naɗe kansa ya yi rassa, wanda aka sa wa suna RRE. Tsawonsa haruffa kimanin 350 ne, kuma wurin da yake zaune shi ne abin lura, domin yana cikin yankin da ke ɗauke da saƙon Env, a tsakiyar wani intiron. Saboda haka duk saƙon da aka gama yankewa ya rabu da RRE, duk wanda ba a gama yankewa ba yana ɗauke da shi. Wato bairas ɗin ya yi wa ainihin saƙonnin da sel ke tsarewa alama, ya bar waɗanda ba su buƙatar taimako.

A wannan shekarar dai ƙungiyar ta bi jikin Rev tana sauya amino asid ɗinsa kaɗan-kaɗan, tana duba abin da kowane sauyi ya lalata. Yankuna biyu suka fito fili. Na farko yana tsakanin amino asid na 34 da na 50, kuma goma daga cikin goma sha bakwai ɗin nan nau'in da ake kira arjinin ne. Idan aka lalata shi, Rev ba ya kama RRE, kuma ba ya taruwa a cibiya. Na biyu yana kusa da amino asid na 75 zuwa na 83, inda huɗu daga cikin tara nau'in da ake kira lusin ne. Sauyin da aka yi a nan, wanda ya shahara da sunan M10, ya taɓa amino asid biyu ne kawai, na 78 da na 79, amma sakamakonsa ya fi na farko ban mamaki. Rev mai sauyin M10 yana shiga cibiya lafiya, yana kama RRE lafiya, sai dai RNA ɗin ba ya fita. Bugu da ƙari, idan aka haɗa shi da lafiyayyen Rev a sel ɗaya, sai ya hana lafiyayyen aiki. Masu binciken suka fahimci cewa wannan yanki na biyu yana kama wani abu ne na sel, amma ba su san ko mene ne ba, sai suka kira shi yankin kunnawa, sunan da ya nuna iyakar abin da aka sani a lokacin.

Sannan akwai saɓani na gaskiya a kan yadda Rev ke aiki. Wasu masana suna ganin cewa yana hana yankan intiron ne, ko kuma yana ƙwace RNA ɗin daga hannun injin yankan, daga nan sai RNA ɗin ya fita ta hanyar da aka saba. Wasu kuma suna ganin cewa shi da kansa yake fitar da shi. Ra'ayin farko ba shirme ba ne, yana da gwaje-gwajen da suka goyi bayansa, kuma abin da ido ke gani ma yana tare da shi, domin duk lokacin da aka rina Rev aka duba ta madubin ƙara girma, a cikin cibiya ake ganinsa, musamman a wani dunƙule da ke cikinta mai suna nukiliyolas. Furotin da kullum a ciki ake samunsa, yaya za a ce shi ke fitar da kaya waje?

Shekarar da aka ga motsinsa

Amsar ta zo a 1994, kuma darasin da ke cikinta na hanyar bincike ne kafin ya zama na bairas. Hoton da ake ɗauka ta madubi yana nuna inda mafi yawan furotin yake a lokacin da aka kashe sel ɗin, ba ya nuna tafiyar da kowane ɗaya ke yi. Idan shiga ta fi fita sauri, za a ga kusan duka a ciki ko da kowane ɗaya yana fita yana dawowa sau da yawa. Meyer da Malim, da kuma wata ƙungiya ta Kalland da abokan aikinsa, suka nuna cewa haka lamarin Rev yake. Idan aka dakatar da kwafar RNA a sel da maganin aktinomaisin D, sai Rev ya baro cibiya ya taru a saitofilazim. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan kaifi, inda ake narka sel biyu su zama ɗaya mai cibiya biyu, ɗaya da Rev a cikinta ɗayar babu, bayan an tsayar da ƙera sabon furotin. Idan bayan ɗan lokaci aka ga Rev a cibiya ta biyu, to babu yadda ya isa can sai ta fita daga ta farko ya ratsa saitofilazim. An gan shi kuwa. Shi kuma Rev mai lalataccen yankin lusin bai fita ba, yana nan inda yake. Da wannan aka haɗa abubuwa biyu da ke rabe: furotin ɗin da ba ya iya fita shi ne wanda ba ya iya fitar da RNA.

A shekarar dai, Utz Fischer da Reinhard Lührmann da abokan aikinsu a Jamus suka ɗauki wata hanya dabam. Sun yi amfani da ɗanyen ƙwan wani kwaɗo mai suna Xenopus, wanda girmansa ya kai a tsira allura a cibiyarsa a zuba abu, daga baya a ciro cibiyar da hannu a auna abin da ya fita da abin da ya rage. Suka nuna cewa Rev yana fitar da RNA mai RRE ko da babu batun yanka a cikin lamarin, har ma da guntun intiron da aka riga aka yanke, abin da sel ba ya taɓa barin ya fita. Wannan ya raunana ra'ayin farko ƙwarai, duk da cewa bai kore yiwuwar Rev yana da wani tasiri a kan yankan ba.

Mai karatu mai lura zai iya kawo ƙorafi a nan. Nauyin Rev kimanin kilodalton 13 ne, ƙasa da iyakar abin da ke silalewa da kansa, to me ya sa ba za a ce yawo kawai yake yi ta kafofin ba? Gwajin 1995 ne ya rufe wannan ƙofa. Fischer da Lührmann, tare da Iain Mattaj, suka yanko ɗan yankin lusin ɗin shi kaɗai, suka manna shi a jikin albumin, babban furotin na jini mai nauyin kilodalton 66 wanda ba ya iya ratsa kafa da kansa, suka zuba shi a cibiya. Sai ga shi ya fita. Da suka manna yankin mai sauyin M10, albumin ɗin bai motsa ba. Yankin kunnawa dai ashe alamar fita ce. A lokaci guda wata ƙungiya a Kalifoniya ta gano irin wannan alama mai yawan lusin a jikin wani furotin na sel mai suna PKI, abin da ya nuna cewa bairas ɗin kwaikwayon alamar mai gida ya yi.

Wani ɓangare na gwajin nan, a ganina, ya fi sauran kyau. Da suka cika cibiyar ƙwan da albumin mai alamar Rev har hanyar ta toshe, sai suka duba waɗanne kayan sel ne suka maƙale. Saƙonnin RNA na yau da kullum sun ci gaba da fita, haka ma tRNA, wato RNA mai kai wa raibosom amino asid. Waɗanda suka tsaya su ne wasu ƙananan RNA na sel, wato 5S da dangin U. Ma'anar wannan ita ce Rev ba ya roƙar wa kayansa izini a hanyar saƙonni, inda ake binciken intiron. Yana karkatar da su ne zuwa wata hanya dabam wadda ba a tambayar intiron a cikinta, domin asali ba don saƙonni aka yi ta ba.

Saura sanin ɗan rakiyar, kuma ta wata kusurwa da ba a zata ba ya ɓullo. Tun a farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan suka samo wani sinadari mai kashe fangas daga bakteriyar Streptomyces, suka kira shi leptomaisin B. A 1994 aka gano cewa abin da yake kamawa a cikin yis shi ne wani furotin mai suna CRM1, wanda aka sani tun 1989 amma ana ɗaukarsa mai kula da tsarin kuromosom ne. Sai a 1997 Barbara Wolff da abokan aikinta a birnin Biyana, suna tace sinadarai don neman wanda zai hana Rev fita daga cibiya, suka tarar leptomaisin B yana yin hakan. Cikin wannan shekarar ƙungiyoyi da dama, a Turai da Amurka da Japan, suka tabbatar cewa CRM1 shi ne ɗan rakiyar da ke gane alamar lusin, har aka ƙara masa suna eksfotin 1.

Zagayen, daga farko zuwa ƙarshe

Yanzu ana iya bin Rev taki-taki. Ana ƙera shi a saitofilazim daga ɗaya daga cikin gajerun saƙonnin. A can yankinsa mai arjinin yake kama ɗan rakiyar shiga, imfotin beta, kai tsaye, saɓanin alamar SV40 wadda sai ta bi ta hannun wani ɗan tsakani mai suna imfotin alfa. Su biyun suna ratsa kafa su shiga cibiya.

Abin da ke sa a sauke shi a ciki, kuma a ɗauke shi daga ciki, wani ƙaramin furotin ne na sel mai suna Ran, kuma shi ne sirrin alkiblar tafiyar baki ɗaya. Ran yana da hali biyu, ko ya riƙe sinadarin makamashi mai suna GTP ko ya riƙe GDP, wanda shi ne GTP bayan an fasa shi. Furotin ɗin da ke ɗora masa GTP, wato RCC1, yana manne da DNA, don haka a cibiya yake. Wanda ke sa shi ya fasa GTP ya koma GDP, wato RanGAP, a waje yake. Sakamakon haka cibiya cike take da Ran mai GTP, saitofilazim kuma kusan babu shi. Imfotin beta idan ya haɗu da Ran mai GTP sakin kayansa yake yi, shi kuwa CRM1 akasin haka ne, ba ya riƙe kaya da ƙarfi sai Ran mai GTP yana tare da shi. Kafar ita kanta ba ta san gaba ko baya ba, kuma Rev ma bai sani ba. Bambancin da ke tsakanin ciki da waje shi ke yanke hukuncin inda za a ɗauka da inda za a sauke, kuma sel ne ke biyan kuɗin wannan bambanci da makamashinsa.

Da imfotin beta ya sake shi, yankin arjinin ya zama a buɗe, sai ya nemi RRE. Akwai wani reshe a jikin RRE, ana kiransa IIB, inda wasu haruffa suka haɗu ta hanyar da ba a saba ba har suka buɗa wani kwari a jikin zaren, kuma a cikin wannan kwari yankin arjinin ke kwanciya, kamar yadda aka nuna siffarsa a 1996. Rev ɗaya bai isa ba. Bayan na farko ya zauna, wasu suna zuwa su jeru a gefensa, suna manne da juna ta wasu yankuna da ke gefe biyu na yankin arjinin, har su kai shida ko fiye. Wannan ne ya bayyana halin M10: yana shiga jerin tare da lafiyayyu, ya cinye gurbi, amma ba ya kiran ɗan rakiya, sai ya ɓata tafiyar kowa. Idan jerin ya cika, alamun lusin suna leƙowa waje, CRM1 da Ran mai GTP su kama su. CRM1 furotin ne mai amino asid 1,071 da ya lanƙwashe kamar zobe, yana da wani tsagi a bayansa inda lusin ɗin ke shiga su zauna. Daga nan furotin mai kilodalton 13 ya ja RNA mai nauyin kusan kilodalton 3,000 ta cikin kafa. A bakin kafar ta waje RanGAP yana jira, GTP ya fashe, CRM1 ya saki kayansa, RNA ya wuce wurin raibosom ko wurin harhaɗa sabon bairas.

Wani abu guda a cikin wannan zagaye ya cancanci a tsaya a kansa. Yankin da Rev ke kama RNA da shi, shi ne dai yankin da yake kama imfotin beta da shi, kuma an nuna a 1997 cewa ba ya iya riƙe su biyun a lokaci ɗaya. Da a ce yankunan a rabe suke, da babu abin da zai hana imfotin beta ya kama Rev tun yana riƙe da RNA, ya mayar da kayan cikin cibiyar da aka sha wahalar fito da shi daga ciki. Da yake hannu ɗaya ne, Rev ba ya samun damar komawa sai ya saki abin da ya kawo. Ƙarancin wuri a kundin gadon bairas, inda haruffan da ke rubuta sashen Rev na biyu su ne dai ke rubuta wani sashe na Env ta wata hanyar karatu, ya tilasta cusa ayyuka biyu a yanki ɗaya, kuma cushewar ta zama ita ce ke tsare tsarin tafiyar.

Buƙatar Rev da yawa a kan RRE guda tana da wani sakamako a kan lokaci. A farkon kamuwar sel, Rev kaɗan ne, jerin ba ya cika, don haka gajerun saƙonni ne kawai ke fita, a ƙera Tat da Rev da Nef. Tat yana komawa cibiya ya ƙara yawan kwafar RNA, Rev kuma ya yi ta taruwa, har ya kai wani mizani, sannan dogayen saƙonnin su fara fita a shiga ƙera jikin bairas. Haka rayuwar HIV a cikin sel ta kasu zango biyu, na farko da na ƙarshe, ba tare da wani agogo na dabam ba. Kuma tun da duk dogon zaren da Rev ya fitar ya tsere wa yanka ke nan, yawan Rev yana rage yawan gajerun saƙonnin da ake ƙera Rev daga gare su, sai ya zama shi ke taka wa kansa birki.

HIV ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Bairas HTLV-1 yana da furotin Rex mai irin wannan aiki ta hannun CRM1, har Rex yana iya maye gurbin Rev a kan RRE, duk da cewa Rev ba ya iya maye gurbinsa. Bairas ɗin mura mai tsanani, wato infuluwenza, yana fitar da kundin gadonsa daga cibiya ta CRM1 da taimakon furotin NEP. Wasu kuma sun zaɓi ɗaya hanyar: furotin ICP27 na bairas ɗin hafis (herpes) yana miƙa saƙonninsa ga NXF1, wani bairas na birai mai suna Mason-Pfizer kuwa ba shi da furotin ɗan kai-komo sam, wani naɗi ne a jikin RNA ɗinsa ke kama NXF1 kai tsaye. A 1994 aka ɗauko wannan naɗi aka dasa a cikin HIV marar Rev, sai bairas ɗin ya farfaɗo ya hayayyafa, shaida ke nan cewa fitar da RNA shi ne aikin da ba a iya yi ba tare da Rev ba.

Batun magani

Tun da HIV ba ya hayayyafa sai da Rev, an daɗe ana sa ran samun magani daga nan, amma har yau magungunan da masu ɗauke da cutar ke sha ba wannan mataki suke tarewa ba. Dalilin yana cikin bayanin da ya gabata. Ƙofar da Rev ke bi ta sel ce, ɗaruruwan furotin na sel suna fita ta hannun CRM1, saboda haka wanda ya toshe ta ya toshe wa mai gida. Leptomaisin B yana manne wa amino asid na 528 a jikin CRM1 na ɗan Adam, wani sistayin da ke cikin ainihin tsagin da lusin ke shiga, kuma idan ya manne ba ya saki. Da aka gwada shi a kan masu cutar daji, illarsa ta yi yawa har aka dakatar. Daga baya aka ƙera wasu sinadarai masu kama wannan wuri amma suna saki a hankali, kuma ɗaya daga cikinsu, selinexor, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2019, sai dai don wani nau'in cutar daji na ɓargo, ba don HIV ba.

An kuma gwada juya M10 ya zama makami. A tsakiyar shekarun 1990 Gary Nabel da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka ɗebi ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 daga masu ɗauke da HIV, suka saka musu kundin M10, suka mayar da su jiki, kuma suka ba da rahoto a 1996 cewa waɗanda ke ɗauke da M10 sun fi takwarorinsu daɗewa. Gwajin ƙarami ne, bai zama magani ba, kuma daga baya an ga a ɗakin gwaji cewa bairas ɗin yana iya kauce wa M10 ta hanyar sauya haruffa a jikin RRE, ba a jikin Rev ba.

Abin da ya rage wa masu neman magani shi ne wurin da haɗuwar Rev da CRM1 ta bambanta da haɗuwar CRM1 da kayan sel na yau da kullum, kuma ɓera ne ya nuna cewa akwai irin wannan wuri. An daɗe da sanin cewa HIV ba ya hayayyafa da kyau a sel na ɓera, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne Rev ba ya aiki sosai a can, alhali CRM1 na ɓera da na mutum kusan iri ɗaya ne, kuma na ɓeran yana fitar da kayan sel ɗinsa ba tare da matsala ba. Da aka saka CRM1 na mutum a sel na ɓera sai aikin Rev ya inganta, aka kuma bi bambancin har zuwa wasu 'yan amino asid da ke nesa da tsagin lusin. A 2014 ƙungiyar Alan Frankel a San Faransisko ta ɗauki hoton Rev da RRE da CRM1 a haɗe da madubin lantarki, sai aka ga CRM1 guda biyu ne manne da juna a kan jerin Rev, kuma waɗancan 'yan amino asid da suka raba mutum da ɓera suna daidai wurin da biyun suka haɗu.